Littafi Biyu, Hannu Ɗaya

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, ni da barci mukan yi sallama. Sana'ata ita ce rubuta wa 'yan kasuwa lissafin shekara da cika musu takardun haraji, wanda mu a nan Nijar muka fi sani da lanho. A kasuwa ba mai kirana da sunan yanka, kwantabul kawai suke ce mini, abokanmu na Najeriya kuma su ce akanta. Na haura shekara 15 ina wannan aiki a Maraɗi, kuma akwai tambaya guda da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan na zauna da alƙalami, amanar wa ke wuyana? Ta mutumin da ya biya ni kuɗin aiki, ko ta takardar da nake rubutawa? Na daɗe ina ganin amsar a fili take, sai da wata rasuwa ta nuna mini ko tambayar ma ban fahimta ba.

Bari in fara nuna wa mai karatu yadda kakarmu take, domin mu ma muna da kaka kamar manoma, sai dai tamu a tsakiyar bazara take faɗowa. Nijar na cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. A wannan tsari shekarar lissafi tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba, sannan a ba ɗan kasuwa wata huɗu ya rufe littafinsa, ya fitar da abin da muke kira bilan, wato takardar da ke nuna abin da ya mallaka, da bashin da ake bin sa, da wanda yake bin mutane, da ribar da ya ci ko asarar da ya yi. Ran 30 ga Afrilu ita ce ranar ƙarshe ta miƙa ta ga hukumar haraji, wato DGI. Wanda ya makara, tara ta hau kansa.

Wata huɗu lokaci ne isasshe ga wanda ya so. Amma in na kira mutum a Janairu sai ya ce in bari ya dawo daga Kano. A Fabrairu yaron da ke riƙe da takardun ya tafi ƙauye. A Maris ana bikin 'yarsa. Sai wajen 25 ga Afrilu ka ga an tsaya da babur a ƙofar ofis, an sauke maka buhu guda na takardu, an ce Alhaji yana gaisuwa, wai jibi zai aiko a karɓa. Cikin buhun za ka tarar da rasit ɗin da zafi ya cinye rubutunsa ya bar farar takarda, da wanda aka rubuta a bayan kwalin shayi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da naira, ba kwanan wata, alhali naira ba ta kwana biyu a farashi ɗaya gaban sefa. Za ka tarar da bashin miliyoyi wanda ba shi da shaida sai “ai mun yi magana”. Kuɗin cefane, da na makarantar yara, da kujerar Makka ta gwaggo, duk daga aljihun shago suka fita, kuma mai shagon yana mamakin me ya sa ba za a rubuta su cikin kuɗin da kasuwanci ya kashe ba. Ga zafi ya haura digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa kana tsakiyar aiki a kwamfuta. A 2022 kuwa azumi ya cinye kusan watan Afrilu duka, muka yi ta haɗa lissafi da busasshen maƙogwaro.

Duk wannan wahala ce ta jiki, kuma kowace sana'a da tata. Abin da ya fi nauyi yana zuwa ne bayan an gama. Ka kai wa mutum takarda, ya wuce duk shafukan, idonsa ya sauka kan layin ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya sassauta murya ya ce, “Malam, a ɗan duba mini.” Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san fassarar wannan jimla. Ba cewa yake ka yi kuskure ba. Cewa yake lambar ta yi masa girma, ka nemo mata wata. Kuma ma'aunin da yawancin mutane ke auna akanta da shi guda ne: nawa ya sa na biya? Wanda ya sa ka biya kaɗan shi ne gwani, wanda ya kawo maka lambar gaskiya kuwa bai iya aiki ba.

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan gini, kwanon rufi da rodi da fenti da tayil, wanda na yi wa aiki shekara shida. Sa'an mahaifina ne, yana ce mini ɗana, ina ce masa Baba Alhaji. Ban taɓa ganin mutum mai tsantseni a kan zakka kamarsa ba. Malamanmu na Malikiyya sun raba 'yan kasuwa gida biyu, mai ajiye haja yana jiran farashi, da mai juya ta kullum, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa mai juyawa zai ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da zakka a kai. Baba Alhaji ya riƙe wannan gam. Da watan Muharram ya kama zai rufe mangaza kwana biyu, mu ƙirga komai har kwalin ƙusa da aka fasa, mu haɗa da kuɗin banki da bashin da ake sa ran biya, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Yana da wani baƙin littafi da yake rubutawa da ajami, nan ne gaskiyar dukiyarsa take. Wata shekara na yi kuskure na rage jika 35 a cikin abin da zai fitar. Bayan sallar isha'i ya aiko a kira ni, ya ce, “Ɗana, sake lissafa. Haƙƙin miskinai ba a yi masa gaggawa.”

Wannan mutumin ne kuma in Afrilu ya zo zai ce mini, “Ɗana, wancan na Allah ne, wannan na gwamnati ne. Rubuta musu kashi ɗaya cikin uku, ya ishe su.” Ni kuwa in rubuta. Hanyar ba ta da wuya. Cinikin da aka yi da tsabar kuɗi ba tare da rasit ba, a bar shi waje. Mangaza ta biyu da aka kama haya da sunan wani, kamar ba ta duniya. Sauran lambobin kuma a daidaita su, abin da ya shiga da abin da ya fita su haɗu ba tare da dala ta yi saura ba. Tun da Luca Pacioli ya buga bayanin wannan salon lissafi mai ɓangare biyu a birnin Banis a 1494, ake koya wa ɗalibai cewa littafin da ya daidaita ya yi kyau. Abin da ba a faye faɗa musu ba shi ne littafi na iya daidaita tsaf alhali ƙarya ce daga bangon farko zuwa na ƙarshe. Hannuna ɗaya ya rubuta lissafin zakka a Muharram, ya rubuta na lanho a Afrilu, kuma ina kwana lafiya, domin a raina na ce ba wanda na cuta. Gwamnati ba ta da fuska, ba ta kuka, ba ta zuwa gidanka ta yi sallama.

Sai Allah Ya yi wa Baba Alhaji rasuwa bayan 'yar gajeruwar jinya. Ya bar mata biyu. Uwargida 'ya'yanta manya ne, babban cikinsu shi ke riƙe da shago. Amarya tana da yara uku, babbansu bai gama firamare ba. Da aka kira malamai rabon gado suka nemi a faɗi adadin dukiya, sai babban ɗan ya fito da bilan na shekarar ƙarshe, ga hatimin da ke nuna an karɓe ta a ofishin haraji, ga sunana a shafin da ake rubuta wanda ya haɗa lissafin. Baƙin littafi kuwa aka ce an duba ba a gani ba. Mangaza ta biyu ba ta cikin kowace takarda, don haka ba ta cikin gado.

Bayan kwana kaɗan wani dattijo ya yi sallama a ofishina. Yayan amarya ne, tela ne a unguwarsu. Ya zauna, ya ciro takardar daga aljihun babbar riga, ya shimfiɗa a gabana da hannu biyu, ya ce, “Malam, ni ban yi boko ba. An ce kai ka rubuta wannan. Abu ɗaya na zo tambaya. Tsakaninka da Allah, dukiyar ke nan?”

Na ce masa ya ba ni kwana uku. A kwanakin nan na auna abin ta kowace fuska. In na ce ita ke nan, na ci gadon marayu da bakina. In na ce ba ita ba ce, na tona asirin mamacin da ya riƙe ni kamar ɗa, na karya sirrin sana'a, na kuma shaida a kaina cewa shekara shida ina rubuta ƙarya. Ga kuma tsoron kada magana ta fita a biyo dukiyar da bashin haraji da tara, abin da zai rage rabon yaran da nake son karewa. Ƙaryar da na yi wa wanda ba shi da fuska ta dawo mini da fuskar yara uku.

Ran na uku na tafi wurin babban ɗan, wanda muke ce wa Alhaji Ƙarami. Na ce masa, “Alhaji, ka san wannan takarda ba ita ce dukiyar Baba ba, ni ma na sani.” Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Malam, ba kai ka rubuta ba? To ɗaya cikin biyu ne. Ko dai gwamnati ka yi wa ƙarya, ko ni kake yi wa yanzu.” Ban taɓa jin maganar da ta ƙone ni kamar wannan ba, domin ba ta da kuskure. Na ce masa ta farkon ce. Na kuma gaya masa lissafin zakka na shekara shida yana nan cikin kwamfutata, kuma zan miƙa wa malamai a gaban ɓangarorin biyu.

Haka aka yi. Aka koma aka buɗe mangaza ta biyu. Wasu kayan sun riga sun yi ƙafa, abin da aka tarar aka ƙiyasta aka raba. Yaran amarya sun sami fiye da abin da aka fara yanka musu, amma bai kai abin da lissafin Muharram ya nuna ba. A zaman nan na ce akwai haƙƙin hukuma da ya maƙale a dukiyar, kuma bashi ake fara fitarwa kafin gado. Ɗakin ya yi tsit, wani ya yi gyaran murya, aka wuce zuwa maganar gidaje. A wannan gaɓa ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya ne. Daga ranar gidan suka sallame ni, wasu 'yan kasuwa biyu abokan Alhaji Ƙarami su ma suka aiko aka kwashe takardunsu.

Tun daga nan nake juya hujjojin da na riƙa kwantar wa kaina hankali da su, waɗanda su ne kuma masu kawo mini aiki ke maimaitawa kullum. Ba na raina su, domin kowace da ƙamshin gaskiya a cikinta.

Ta farko ita ce gwamnati ba ta cancanci kuɗin ba. Za a nuna maka hanyar da ta lalace, da asibitin da sai ka sayi safar hannu da kanka, a ce ina lanhon ya tafi? Wannan ƙorafi yana da tsohon tushe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Da Turawa suka zo, Faransawa suka ɗora lanho a kan kowane kai, suka haɗa da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, kuma garuruwa da dama sun watse, mutane suka ƙetara iyaka don gudun waɗannan biyun. A can Najeriya ma, da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulkin Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin ayyukansu na farko, kuma talakawa sun yi murna. Saboda haka Bahaushe ya gaji kallon haraji a matsayin abin da mai ƙarfi ke ƙwata, ɓoye masa dukiya kuma wayo ne da kakanni suka tsira da shi. Na fahimci wannan. Malamai ma sun yi magana mai tsawo, wasu suka tsananta a kan kuɗin da ake karɓa ba bisa haƙƙi ba, wasu kamar Imam Shaɗibi suka halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata. Amma ko da an yarda cewa ana ɓarna da kuɗin, abin da wannan ya ba ni shi ne 'yancin in yi ƙorafi, in tambayi inda aka kai su, in nemi a sauya doka, in ƙalubalanci lissafin da aka yi mini ba daidai ba. Bai mayar da lambar ƙarya ta zama gaskiya ba. Ƙungiyar UEMOA ta sa wa ƙasashenta burin tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa, Nijar kuwa wajen rabin haka take tarawa. Mu ƙi biya saboda ba a yi aiki ba, a kasa aiki saboda ba a biya ba, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, ramin hanya kuwa yana ƙara zurfi.

Akwai ma wani ɓangare da wannan hujja ba ta taɓa ko kusa. Harajin riba, kashi 30 cikin 100, daga ribar ɗan kasuwa yake fita, ana iya cewa guminsa ne. Amma TVA, kashi 19 cikin 100 da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ba kuɗinsa ba ne tun asali. Malamin makarantar da ya yi shekara biyar yana tara kuɗin kwanon rufi shi ya biya, ɗan kasuwa ɗan aike ne kawai, an ba shi ya kai kafin 15 ga watan da ke biye. In ya karɓa ya riƙe, wa ya cuta? Ko Baba Alhaji da kansa, da na taɓa yi masa wannan tambaya, shiru ya yi, ya ja carbinsa, ya sauya magana.

Ta biyu ita ce kowa haka yake yi, kuma wanda ya tsaya a kan gaskiya kasuwa za ta kayar da shi. Wannan ita ce mafi ƙarfi, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Gaskiya ne mai shagon da ke da lambar NIF, yana ba da rasit, yana gogayya da maƙwabcin da ba ya cikin kowane littafi, mai iya karya farashi yadda ya so. Na ga mutanen kirki da wannan ya matse. Sai dai na lura da abu guda. Idan manyan da ke iya ɓoyewa suka ɓoye, nauyin ba ya ɓacewa, sauka yake yi kan waɗanda ba su da inda za su ɓuya: ma'aikacin da ake yanke masa tun kafin albashi ya iso hannunsa, da mai tebur a bakin kasuwa da ake karɓar nasa kuɗin tikiti a tsaye. Wayon da na yi wa Baba Alhaji su suka biya shi.

Ta uku ita ce tawa ta kaina: ni marubuci ne kawai, abin da aka ce in rubuta na rubuta, laifi na mai dukiya ne. Da wannan na fi daɗewa ina fakewa. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta tsaya kan mai bashi da wanda ake bi ba, ta ɗora wa shi marubucin nauyin adalci. Dalilin a bayyane yake. Ana neman marubuci ne saboda waɗanda ba sa nan lokacin da aka yi abin, da waɗanda ba su iya karantawa ba, su sami abin dogara. Telan nan da ya shimfiɗa takarda a gabana, ba Baba Alhaji ya gaskata ba, ba Alhaji Ƙarami ba, sunana da ke jikin takardar ya bi. Dokar OHADA ta ce a adana takardun lissafi shekara 10. A cikin shekara goma mutum na iya mutuwa, abokan tarayya su rabu, banki ya nemi shaida, mata ta nemi haƙƙinta. Lamba ba ta san wanda aka rubuta ta dominsa ba. Ka rubuta ta don mai karɓar haraji, ta tashi ta tafi wurin rabon gado.

Na ma sha ganin abin dariya a kan wannan. Wanda ya sa aka ƙanƙanta masa bilan a Afrilu, shi ne zai dawo a Yuli yana neman bashin banki, bankin ya duba takardar ya ce wannan kasuwanci bai kai a ba shi ko rabin abin da ya nema ba. Sai ya zo ya ce a yi masa wata mai ƙiba. Littafi ya zama uku ke nan, na Allah, na gwamnati, na banki. Daga nan shi kansa ba ya iya faɗin ko riba yake ci ko uwar kuɗi yake cinyewa. Na san waɗanda suka karye ba su ankara ba, saboda sun yi ta sauya lambobi har gaskiyar ta ɓace musu.

Ta huɗu ita ce in ban yi ba wani zai yi. Haka ne, kuma an yi. Waɗanda suka bar ni ba su rasa mai rubuta musu ba. Amma wannan magana tana bayyana abin da zai faru da takardar ne kawai, ba ta ce komai a kan abin da zai faru da ni ba. Ranar da dattijo zai zo ya ce tsakaninka da Allah, wanda ya rubuta shi ake tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka na koma ma'aikacin gwamnati a ɓoye. Har gobe wanda ya ba ni aiki yana da haƙƙi a kaina, kuma haƙƙin babba ne: kada ya biya ko dala fiye da abin da doka ta ɗora masa. Abin mamaki, da yawa cikin masu neman a ɓoye musu ciniki suna zubar da kuɗin da doka ta yarda su riƙe. Ba sa karɓar rasit na ƙwarai daga wanda suka saya wurinsa, don haka TVA da suka biya a kan kaya ba a iya cire musu. Suna da mota da injin wuta da gini, ba a taɓa lissafa musu tsufan da waɗannan ke yi duk shekara an rage daga riba ba. Shekarar da aka yi asara, kamar lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kasuwar Maraɗi ta yi sanyi, ba su rubuta asarar yadda za ta rage musu nauyin shekarun da ke biye ba. Wasu kuma tara ce ke cinye su saboda makara kawai. A nan ne gwanintar akanta take, kuma a nan nake tsayawa kai da fata don mai dukiya. In an yi masa lissafin da ya wuce ƙa'ida, ni zan rubuta takardar ƙorafi in bi ta har a gyara. Iyakata guda ce: abin da ya faru shi zan rubuta.

To amanar wa ke wuyana? Yanzu ina ganin kuskurena shi ne ɗaukar cewa amana biyu ce masu karo da juna, dole in zaɓi ɗaya. Wanda ya biya ni yana da haƙƙin ƙoƙarina da sirrinsa. Amma gaskiyar lambar ba tasa ba ce balle ya ba ni izinin sauya ta, domin akwai masu haƙƙi a cikinta da shi kansa bai san su ba, wasu ma ba a haife su ba lokacin da ake rubutawa. Da na riƙe wa Baba Alhaji amana ta gaskiya, da na gaya masa tun shekarar farko cewa mutumin da ke tashin akanta da dare saboda jika 35 na miskinai bai kamata ya bar wa 'ya'yansa takardar ƙarya ba. Wataƙila ya kore ni. Wataƙila kuma ya ji, domin mutum ne mai tsoron Allah. Ban ba shi wannan dama ba, saboda ina tsoron rasa aiki, na kuma sa wa tsoron suna biyayya.

Yanzu duk wanda ya zo mini sabo, tun kafin mu yi maganar kuɗin aiki nake gaya masa littafi ɗaya nake rubutawa. Wasu su yi dariya su ce Malam ya zama ustazu, su tafi. Masu aikina sun ragu, kuma akwai watannin da nake jin ragin a tukunyar gidana. Waɗanda suka tsaya ina bin su tun Janairu, ina roƙonsu su raba aljihun gida da na shago, su riƙa ɗaukar hoton rasit da waya kafin zafi ya goge shi. Duk da haka buhunan ba su daina zuwa ran 25 ga Afrilu ba, kuma ba a daina sassauta murya ana ce mini a ɗan duba ba. Nakan ce to, in sake dubawa da gaske, layi bayan layi, ko akwai abin da doka ta ba shi da na tsallake. In na samu in cire masa. In ban samu ba in mayar masa da takardar yadda take, in ce, “Alhaji, na duba. Ita ce.”

Babban yaron amarya yanzu yana sakandare, wani lokaci nakan gan shi ya wuce ta ƙofar ofis da jakarsa, ya gaishe ni. Bai san rabon da ya rasa ba, bai kuma san da hannuna a ciki ba. Allah Ya jiƙan Baba Alhaji, Ya yafe mana abin da muka rubuta.